Daren da Aka Tsayar da Kiɗa a Roskilde

Roskilde tsohon gari ne a ƙasar Denmak, kimanin kilomita 30 yamma da Kopenhagen, kuma a babban cocinsa ake binne sarakunan ƙasar. A kudancin garin akwai wani makeken fili inda manoma ke baje kolin shanu da dawakai. A wannan fili ne, tun 1971, ake yin ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Turai a ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli. Wasu 'yan makarantar sakandare ne suka fara shi, daga baya wata ƙungiyar agaji ta karɓi ragamarsa, duk ribar da aka samu kuma ana zuba ta a ayyukan jinƙai da na al'adu. Yawancin masu aiki a wurin 'yan sa kai ne. Kulob-kulob na wasanni da ƙungiyoyin unguwa kan kafa rumfunan abinci, membobinsu su yi aiki kyauta, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, su kuma a ɗaura musu ɗan ƙyallen shiga a wuyan hannu.

Ta wannan ƙofa na shiga a shekarar 2000. Ina karatu a Kopenhagen a lokacin, ina kuma ɗan taɓa ƙwallo da wani ƙaramin kulob na unguwarmu, wanda ke da rumfar shinkafa da kaza a bikin. Ni ba ma'abocin kiɗan rok ba ne. Kunnena da Shata da Ɗan Maraya ya tashi, a rediyon babanmu. Abin da ya ja ni shi ne na ga sunan Youssou N'Dour na Senegal a jerin waɗanda za su yi wasa ranar Asabar, na ce ko ba komai zan ji muryar gida.

Mai kula da tukwanenmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, wanda ya daɗe yana aikin kuku a wani otel a birnin. Kowa Alhaji yake ce masa, har Turawan. Ya sauke farali a 1990, shekarar da mutum 1,426 suka rasu a ramin nan na masu tafiya ƙasa a Mina. Bai shiga ramin ba ranar, amma ya ga abin da aka fito da shi, kuma tun daga nan ba ya kallon taro yadda sauran mutane ke kallonsa. Ranar Alhamis da dare muna wanke tukwane, muna hango dubban mutane suna kwarara wajen babban dandamali, sai ya ajiye soso ya ce da ni:

"Ƙanena, in kwaɗayin kallo ya kai ka can, ga abin da za ka riƙe. Duk lokacin da ka ga ba ka iya ɗaga hannu ka sosa ƙeyarka, to lokacin fita ya yi. Ka naɗe hannuwanka a ƙirji ka bar wa numfashinka ɗaki. Kome ya faɗi kada ka sunkuya, ko fasfo ɗinka ne."

Na yi dariya na ce, "Alhaji, nan fa Turai ce."

Ya ce, "Haƙarƙarin Bature da naka duk ɗaya ne. Kuma kada ka yi kokawa da taro. Yadda mai haye kogi yake yi za ka yi, ka bi shi a karkace har ya ajiye ka a gaɓa."

Ranar Juma'a 30 ga Yuni ta zo da yayyafi, ya ɗauke ya dawo. Ƙafafu sun riga sun tattake ciyawar, filin ya koma laka mai santsi, masu dabara duk sun sa takalman roba. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a Denmak sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka da na gama aikina na yi sallar magariba a bayan rumfa, da sauran haske a sama. Nan wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya same ni. Shi masoyin Pearl Jam ne na gani-kashe-ni, ƙungiyar nan ta birnin Siyatal na Amurka, ya haddace waƙoƙinsu kaf. Ya ce ba zai yiwu in zo har Roskilde in koma ban ga mawaƙinsu Eddie Vedder yana waƙa ba. Muka tafi.

Babban dandamalin yana ƙarƙashin wata katafariyar rumfa mai launin lemo, wadda ita ce tambarin bikin. Rumfar farko irinta an ɗinka ta ne don rangadin Rolling Stones a Turai, masu bikin suka saye ta a 1978. Wata ƙungiyar Suwidin mai suna Kent ta riga ta yi wasa a wurin da yamma, kuma mutane da yawa ba su motsa daga gaba ba, sun kama wuri. Da aka fara wajen ƙarfe 10 da rabi, an ƙiyasta mutum 50,000 ne a gaban rumfar.

Da farko muna can tsakiya, inda mutum ke iya juyawa. Sai dai sautin ba ya isowa sosai, iska na ɗauke shi, a ji ganga a rasa murya. Abokina ya ce mu ɗan matsa. Muka ɗan matsa. Na kusa da mu ma suka ɗan matsa, na bayansu suka cike gurbin. Ban ga wanda ya ture wani da mugunta ba, ban ga faɗa ba, ban ga gudu ba. Kowa taku ɗaya ya ƙara don ya ji waƙar da ya biya kuɗi ya zo ji. Amma taku ɗaya na mutum dubu goma, in ya taru, a jikin waɗanda ke gaba yake sauka.

Ban san lokacin da muka wuce iyaka ba. Na dai lura cewa na daina zaɓar inda zan sa ƙafa. Taron ya fara tangaɗi: a kwashe mu gaba ɗaya zuwa hagu, a dawo da mu dama, wani lokaci ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Akwai wasu ƙarafa masu lanƙwasa da aka kakkafa a filin don su karya ƙarfin wannan tangaɗi, amma wanda aka matse a jikinsu shi ya san abin da ya ji. A saman kawunanmu kuma ga samari ana miƙa su hannu da hannu, kwance, suna tafiya gaba, wani ya tokare ka da takalmi a wuya. Laka ta cire mini takalmin ƙafar hagu. Jikina ya so ya sunkuya, maganar Alhaji ta hana shi.

Na nemi ɗaga hannu, na kasa. Da ƙyar na murɗo su na haɗa a ƙirji. A nan na fahimci yadda abin yake kisa. Duk sanda ka fitar da numfashi, ƙirjinka ya ɗan sauka, sai jikin na kusa da kai ya cike wannan ɗan wurin, in ka zo shaƙa babu inda haƙarƙari zai buɗe. Kowane numfashi sai ya fi na baya gajarta. Ba a iya ihu, don ihu da iska ake yinsa. Wata yarinya a gefena ta ɗaga fuska sama, baki buɗe, idanunta sun fara juyewa. Wani dogon saurayi ya lura, ya yi magana da na kusa da shi da ido, suka ciccibe ta da ƙyar suka ɗora ta bisa kawuna, aka miƙa ta gaba wajen masu gadi. Mutane suna taimakon juna iyakar ƙarfinsu, sai dai ƙarfin kowa ya ƙare a kan tsayuwar kansa.

Can gabanmu kaɗan, wajen da nake ganin kawuna a cunkushe, sai na ga wurin ya lotsa. Wasu sun zame sun faɗi. A irin wannan matsi kowa a jikin wani ya jingina, to da zarar wasu sun faɗi, na kewaye da su sun rasa majingina, nauyin baya ya tura su su faɗa a kansu, na bayansu ma su biyo. Na ga hannuwa suna miƙowa daga ƙasa. Na ga samari sun sarƙe hannu suna ƙoƙarin yin katanga a bakin ramin, tangaɗi ya zo ya rushe su. A wani juyi da aka yi da mu, ƙafata marar takalmi ta sauka a kan wani abu mai laushi. Har yau ina roƙon Allah ya sa jaka ce.

A bisa dandamali kuwa kiɗa na tafiya. Fitilu na haska idon mawaƙa, abin da suke gani teku ne na kawuna da hannuwa, irin wanda suke gani kowane dare.

Na bi shawarar Alhaji. Duk sanda tangaɗin ya lafa na ɗan daƙiƙa, sai in saka kafaɗa in zame gefe da baya kaɗan, in jira na gaba. Abokina tuni mun rabu, ban ma san yaushe ba. A hankali na ji matsin na sassautawa, har na iso inda na iya buɗe hannuwa. Na ja jiki zuwa gindin wani shinge na durƙusa, na yi amai, na yi ta jan iska.

Abin da na gani da na ɗago kai shi ne ya fi tsaya mini a rai duk tsawon shekarun nan, fiye da ramin ma. Mutane na rawa. Wani ya goya budurwarsa a wuya tana tafi. Wasu na layin sayen giya suna dariya. Tsakaninsu da inda ake mutuwa bai fi jifa da dutse ba, kuma babu wanda ya sani. Na kama hannun wani na ce masa akwai mutane a ƙasa can gaba. Ya kawo kunne, bai ji ba, ya yi murmushi ya ɗaga mini babban yatsa. Ba mugun mutum ba ne. Daga inda yake tsaye, dare ne mai daɗi.

Sai kiɗa ya tsaya. Daga baya na ji cewa waƙar da ake kai a lokacin sunanta "Daughter". Eddie Vedder ya kama makirufo ya yi magana a natse. Ya shaida wa jama'a cewa akwai waɗanda ke cikin haɗari a gaba, ya roƙi kowa ya ja da baya taku uku idan ya ƙirga, ya sake roƙo. Kuma jama'a suka ja. Mutum dubbai, waɗanda wasu jaridu suka wayi gari suna kwatanta su da marasa hankali, suka ja da baya cikin 'yan daƙiƙu, da zarar wani da suke iya ji ya gaya musu gaskiyar abin da ke faruwa.

Da wurin ya buɗe aka ga abin da ke ƙasa. Aka fara ɗago mutane ana miƙa su ta saman shingen gaba, wasu na motsi, wasu hannuwansu na reto. Manyan allunan da ke gefen dandamali suka nuno fuskar mawaƙin, ya durƙusa yana kuka, daga nan ne na baya suka gane ba ƙaramin abu ba ne. Daga inda nake ina hango masu agaji a gefen rumfa sun durƙusa a laka suna danna ƙirjin wasu samari, suna hura musu iska a baki. Motocin asibiti na kutsawa a hankali, ruwa ya ƙara ƙarfi. Fili mai mutum 50,000 ya yi tsit, ba ka jin komai sai jiniya da kukan mutane nan da can.

Na koma rumfarmu da ƙafa ɗaya a takalmi. Alhaji na tsaye a bakin hanya, ya bar tukwane. Da ya gan ni bai ce komai ba, ya kama ni ya shafa haƙarƙarina hagu da dama, ya ce in ja numfashi, in sake ja. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Ina yaron nan?" Na ce mun rabu. Ya ce, "To zauna, Allah zai fito da shi." Ya sauke shinkafa ya ɗora babbar tukunyar ruwa. Daren nan shayi muka yi ta rabawa, duk wanda ya wuce yana rawar ɗari a miƙa masa kofi, ba a tambayi kowa kuɗi ba. Wasu sun zauna a ƙasa kusa da murhu ba su ce uffan ba har gari ya waye.

Cikin dare aka sanar daga dandamali cewa an yi rashe-rashe, kuma The Cure da za su biyo baya ba za su yi wasa ba. Layukan wayar hannu suka cushe, don iyaye daga ko'ina a Arewacin Turai na neman 'ya'yansu. A bakin akwatunan tarho layi ya miƙe, kowa maganarsa ɗaya: ina nan da rai. Abokina sai da asuba ya ɓullo. An matse shi a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan nan, shatin ƙarfen ya fito baƙi a cikinsa, masu gadi ne suka zaro shi ta gaba. Ya rungume Alhaji, mutumin da bai taɓa yi wa magana ba, ya yi ta kuka.

Da safe aka ce mutum takwas. Na tara, ɗan Ostireliya, ya cika a asibiti bayan 'yan kwanaki. Uku 'yan Denmak ne, uku 'yan Suwidin, ɗaya Bajamushe, ɗaya ɗan Holan. Duka maza ne, ƙaraminsu shekara 17, babbansu 26. Samari ne masu ƙarfi, irin waɗanda in ka gan su za ka ce su ne za su fitar da wasu. Likitoci suka ce rashin numfashi ne saboda danne ƙirji.

Masu bikin suka yanke shawarar a ci gaba, kuma wannan ya raba kan mutane. Oasis da Pet Shop Boys, waɗanda aka shirya za su hau wannan dandamali ranar Asabar, suka ce ba za su yi ba. A rumfarmu ma gardama ta kaure. Alhaji ya ce inda aka yi rasuwa ba a kiɗa, a naɗe tabarma kowa ya tafi gida. Wata mata cikin shugabannin kulob ɗinmu ta ce in aka sallami dubban yara a firgice lokaci guda, wasu ba su ma san inda abokansu suke ba, wani haɗarin za a haifar, gara su zauna tare su yi jimami tare. Na saurari duka biyun, kuma kowannensu na da gaskiyarsa. Bishop na garin, Jan Lindhardt, ya hau dandamali ya yi jawabin ta'aziyya. A wurin da abin ya faru mutane suka yi ta ajiye furanni da kyandir a cikin laka. Youssou N'Dour ya yi wasansa, na tsaya can baya inda nake iya miƙa hannuwana duka biyu ban taɓa kowa ba, na ji muryar gidan da na zo nema, amma ban iya tuna waƙa ko ɗaya da ya rera.

A makonnin da suka biyo baya na bi jaridu da taimakon ƙamus. Wasu marubuta sun ɗora laifin a kan giya, wasu a kan haukan samarin zamani, wasu a kan irin kiɗan. Binciken hukuma ya nuna abubuwa da dama ne suka haɗu: santsi, cunkoso, matsawar mutane gaba, da kuma jinkirin saƙo. Masu gadin da ke bakin shinge sun ga alamar matsala, amma kafin maganar ta bi daga wannan zuwa wancan har ta kai ga wanda zai iya hawa ya ce a tsaya, mintoci masu yawa sun wuce, kuma babu tsayayyar ƙa'ida a kan wane ne ke da ikon tsayar da wasa. Wanda aka danne wa ƙirji kuwa mintoci kaɗan yake da su. A ƙarshe ba a gurfanar da kowa a kotu ba.

Wannan ya sa na fara karanta abin da masana taro suka rubuta, musamman John Fruin, wani injiniya Ba'amurke da ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane ke tafiya a cunkoso. Bayaninsa ya yi daidai da abin da jikina ya ji. Idan mutane suka kai shida ko bakwai a murabba'in mita ɗaya, taron yakan daina zama tarin mutane masu zaɓi, tangaɗi ya riƙa ratsa shi yana ɗaga mutum daga ƙasa. An sha samun shingen ƙarfe a lanƙwashe bayan irin wannan haɗari, abin da ke nuna ƙarfin ya haura nauyin kilo 400. Yawancin waɗanda ke mutuwa ba tattake su ake yi ba, numfashi ne ke gagararsu, wasu ma a tsaye suke cikawa. Kuma kusan kullum na baya ba su da labarin na gaba.

Na kuma gano cewa ba a kanmu aka fara ba. Ranar 3 ga Disamba 1979 mutum 11 sun mutu a ƙofar zauren wasa a Sinsinati ta Amurka, suna jiran shiga kallon The Who, don yawancin tikitin ba su da lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke samun gaba, ƙofofin da aka buɗe kuma kaɗan ne. A 1988 mutum biyu sun mutu a laka a Donington ta Ingila lokacin wasan Guns N' Roses. Ilimin yana nan a rubuce, bai dai isa hannun duk masu shirya taro ba.

Na koma Roskilde a shekarar da ta biyo baya, kuma na tarar da wani fili daban. An yanka gaban dandamali gida-gida da shingaye masu ƙarfi, kowane gida da adadin mutanen da zai ɗauka. Ana shiga ta layi, fitila ta nuna kore ko ja, in ya cika an rufe, kuma bayan kowane wasa a fitar da kowa a sake sabon shiga. Nauyin na baya ba ya iya isa ga na gaba, don akwai hanyoyin masu gadi a tsakani, suna kallon fuskoki suna miƙa ruwa. An hana miƙa mutum bisa kawuna. An sa masu kallo daga sama da kyamarori, an kuma fayyace wanda ke da ikon katse kiɗa ba tare da neman izinin kowa ba. Kusa da filin an dasa itatuwa tara kewaye da wani baƙin dutse. Can Ingila, babban bikin Glastonbury bai gudana ba a 2001, sai da aka sake tsarin shinge da ƙidayar masu shiga. Pearl Jam sun soke sauran wasanninsu na Turai a wannan rangadi, sun ƙaurace wa manyan bukukuwa har 2006, kuma sun ambaci mamatan tara a waƙarsu "Love Boat Captain" ta 2002.

Duk da haka abin bai tsaya ba. A Janairun 2001 wata yarinya 'yar shekara 16 ta rasu bayan an danne ta a bikin Big Day Out a Sidni. Ranar 24 ga Yuli 2010 mutum 21 suka mutu a Duisburg ta Jamus, a hanyar shiga bikin Love Parade, inda masu shiga da masu fita suka haɗu a gangare guda. Ranar 5 ga Nuwamba 2021 a bikin Astroworld na Hustan, mutum 10 suka rasa rayukansu, ƙaraminsu yaro ɗan shekara 9, kuma an ci gaba da wasa fiye da rabin sa'a bayan jami'ai sun san ana faɗuwa. Da na ga hotunan wasu matasa sun hau wajen mai ɗaukar hoto suna roƙon a tsayar da kiɗa, sai na tuna mutumin nan da ya ɗaga mini babban yatsa.

Ranar 24 ga Satumba 2015 ina gida tuni, aka wayi gari da labarin turmutsitsin alhazai a Mina. A cikin ɗaruruwan da muka rasa akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin. A wajen zaman makoki na ji maganganu iri biyu. Wasu na cewa alhazai ne ba sa bin doka, wasu na cewa ajali ne kawai. Ta farkon na san ta, ita ce aka yi wa samarin Roskilde. Ta biyun gaskiya ce, babu mai wuce lokacinsa, amma imani da ajali bai taɓa hana a gina wa rijiya baki ba. Gadar jifan shaiɗan da aka sake ginawa hawa-hawa bayan turmutsitsin 2006, aka raba hanyar shiga da ta fita, ta nuna cewa tsari na rage mutuwa, kuma ba a ce wanda ya tsara ta ya yi jayayya da ƙaddara ba.

Wanda ke cikin cunkoso abin da zai iya yi wa kansa kaɗan ne: ya fita da wuri, ya kare ƙirjinsa, ya tsaya a kan ƙafafunsa, ya ɗaga wanda ya faɗi in da hali. Sauran duk yana hannun masu shirya taron. Shi ya sa yanzu duk inda aka sa ni cikin kwamitin wani taro, na maulidi ne, na rabon kayan azumi ne, ko na bikin yaye ɗalibai, nakan gundure mutane da tambayoyi uku. Wane ne zai tsaya a sama yana kallon jama'a, ba abin da jama'a ke kallo ba? Wane ne, da sunansa, ke da ikon karɓe makirufo ko da babban baƙo ne ke magana? Kuma daƙiƙa nawa saƙo zai yi daga bakin ƙofa zuwa kunnensa? Sau da yawa sai a ce in bari, Allah zai kiyaye. Nakan ce amin, sannan in sake tambaya, kuma ba na sa hannu a takarda sai an ba ni suna.